Noti Huɗu a Ƙoƙon Sikeli

Akwai mutum ɗaya a Jimeta da nake so ya yafe mini kafin a ɗauki makarata, shi kuwa ya ƙi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi nawa ba. Waɗanda suka san layin 'yan riɗi a kasuwa sun san mu duka biyu, waɗanda ba su sani ba kuwa suna ba zai ƙara musu komai ba.

A Yola Gari aka haife ni. Na yi allo, na yi firamare zuwa aji biyar, daga nan bappana ya ɗauke ni zuwa rumfarsa a Jimeta. Sana'armu sayen riɗi da waken suya daga hannun manoma, mu tara wa dillalan kamfani. Irin wannan kaya ba da mudu ake aunawa ba, da sikeli ne. Namu babba ne, na ƙarfe, mai faffaɗan faranti a ƙasa inda ake ɗora buhu, da sanda mai lambobi a sama. A ƙarshen sandar akwai ɗan ƙoƙo a rataye, wanda ake ɗora duwatsun awo a kansa. Ƙoƙon yana da murfi ta ƙasa, in an murɗa sai ya buɗe. Da na yi wata uku a rumfa, bappa ya buɗe shi a gabana, ya nuna mini noti huɗu ƙanana a ciki, irin na keke.

"Kowane ɗaya rabin kilo yake ci a faranti," ya ce. "Huɗu, kilo biyu ke nan. Kada ka ƙara, kada ka rage. Wannan madadin ƙasa da tsakuwar da suke zuba mana a buhu ne."

Haka na gaji sikelin da notinsa. Na yi kusan shekara talatin ina karanta wa manoma arba'in da takwas a inda akwai hamsin, ban taɓa jin na yi sata ba. Har na je Makka na dawo. Makullin ɗan masallacin layinmu a hannuna yake, in liman bai zo ba ni nake jan azahar da la'asar.

Shekarar da mutanen daji suka ci Michika da Mubi, Yola ta cika maƙil. Kowane gida da baƙinsa, kowace makaranta da masu shimfiɗa a ajujuwa. Cikin waɗanda suka tsallako gada daga Michika har da shi, mutumin da nake neman yafiyarsa. Shan-inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami, shekarunsa a lokacin ba su kai talatin ba. Da silifa a tafin hannu ya shigo kasuwarmu, yana jan jiki. Mutane suka miƙa masa sadaka, ya ce aiki yake nema. A garinsu, ya ce, shi ke ɗora buhu a sikelin wani attajiri tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Wani mai walda ya haɗa masa keken guragu mai amalanke a baya, ya fara dako a layinmu. Daga ƙugu zuwa sama kamar an sassaƙa shi daga kututturen maɗaci. Yana zaune a ƙasa zai rungumi buhu ya wurga shi cikin amalanke, masu ƙafa biyu suna tsaye suna neman wanda zai kama musu.

Wata Laraba wata bazawara daga cikin 'yan gudun hijira ta kawo riɗi buhu ɗaya. An ara mata 'yar gona ne a Yolde Kohi, abin da ta samu ke nan. Shi ya ɗauko mata buhun daga bakin titi, shi ya ɗora a farantina. Na matsa dutse, na ce arba'in da takwas.

"Hamsin ne, Alhaji," ya ce.

"Kai ne sikelin?"

"Hannuna bai taɓa yi mini ƙarya a kan buhu ba."

"To ka je ka buɗe rumfa da hannun naka."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Abin da ban lura da shi ba, mu duka a tsaye muke kallon sikelin nan shekara da shekaru, daga sama. Shi kuwa a ƙasa yake zaune, idonsa daidai da gindin ƙoƙon. Ya ga murfin ya yi sheƙi, alamar hannu yana yawan taɓa shi. Kafin in yi motsi ya miƙa hannu ya murɗa. Noti huɗu suka zubo a kan faranti, ɗaya ya gangara har gaban bazawarar. Sandar ta ɗaga. Shugaban layinmu yana rumfa ta uku, ya taso, ya matsa dutsen da kansa. Hamsin cif.

Ba wanda ya zage ni. Rabinsu ma na san abin da ke cikin nasu ƙoƙon. Shugaban layi ya tsince notin ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe tafin hannuna ya zuba, ya ce, "Riƙe kayanka, Alhaji." Da la'asar liman bai zo ba, na nufi gaba kamar kullum, sai na ji an riƙe mini gefen riga. Ban waiwaya na ga ko wane ne ba. Washegari aka aiko a karɓi makulli. Har yaran masu baro suka riƙa ce mini mai noti huɗu in na ba da baya.

Na sa notin a cikin gwangwanin man zafi, na ajiye a ƙasan akwatin rumfa. Ba don in tuna in tuba na ajiye su ba. Kullum in na ga kekensa ya shigo layi sai in ce a raina, gurgun nan, mu muka ba ka wurin kwana a garinmu, ka saka mana da wannan. Ban san yadda zan rama ba, na dai san zan rama. Na iya jira. Mai sayen riɗi yana ajiye kaya wata shida don farashi ya tashi.

Akwai wani Ibo da ke da shagon sayar da rigunan ƙwallo a bakin kasuwa. A Jimeta aka haife shi, Fillancinsa ya fi na 'ya'yana. Tsohon malamin motsa jiki ne, da ya yi ritaya ya tara nakasassu bakwai ko takwas a wani lungu na filin wasa yana koya musu ɗaga ƙarfe. Kowa koci yake ce masa. Shi ya tsaya wata rana yana kallon mutumin Michika yana loda buhu, ya bi shi har inuwa, ya shawo kansa ya shiga cikinsu.

Mu a layi abin dariya muka ɗauke shi. Wasan guragu kuma? Sai koci ya riƙa kiran mu shagonsa yana nuna mana a talabijin. Na ga fili ya cika da mutane fiye da idi, na ga tutocin ƙasashe. Na ga masu tsere a keken guragu da ba ya kama da namu, na ga makaho yana gudu an ɗaure hannunsa da na ɗan jagora. Na ga mace an kwantar da ita a benci, an ɗaure mata ƙafafu da ɗamara, ta tura ƙarfen da ya ninka nauyinta sau biyu, aka ɗaga tutar ƙasarmu. Koci ya ce da abin ɗan ƙarami ne, likitoci suka fara shi don majinyata su motsa jiki. Yanzu ya zama gasar duniya, duk shekara huɗu, a filin da masu ƙafa suka gama tasu. Da ya girma, dokokinsa ma suka tsananta. Likita ya duba nakasarka, a gwada fitsarinka, a kuma auna ka, don kowa da ajin nauyinsa. In ka wuce ajinka da nauyin lemo ɗaya, ba za ka taɓa ƙarfe ba.

A nan maganar ta biyo ta kaina. Abin awon da suke da shi a filin wasa irin na asibiti ne, wanda ake tsayawa a kai da ƙafa biyu. Mutumin Michika ba ya tsayuwa. Sun gwada zaunar da shi, rabin jikinsa yana ƙasa. Sauran sikelin layinmu na rataye ne, ko masu ƙaramin faranti. Nawa ne kaɗai mutum zai hau ya zauna ya naɗe ƙafafunsa.

Koci ya zo da kansa, shi yana biye a keke.

"Oga Alhaji, aron farantinka muke so duk Laraba."

"Sikelin mai noti huɗu? Ba ku ji labari ba ne?"

"Shi ya sa ma," koci ya ce yana dariya. "A duk kasuwar nan ba sikelin da ya kai wanda aka taɓa kamawa gaskiya. Ido yana kansa."

Ya yi gaskiya. Tun ranar da aka kama ni ban sake sa ko ƙwayar riɗi a ƙoƙon ba. Na ce su zo, kyauta. A ranar na ji wani abu ya kwanta mini a ƙirji kamar na sha ruwan randa.

Watannin farko, duk ranar da ya zo sai ya murɗe murfin ya leƙa kafin ya hau. Nakan bar shi ya leƙa. Nakan shimfiɗa masa buhu a faranti don zafin ƙarfe, in aika a kawo masa shayi. Na riƙa tambayarsa kilo nawa ya ɗaga a makon, in faɗa wa maƙwabta da murya mai ƙarfi. Da ya auri wata 'yar garinsu, ni na ba da buhun shinkafa. Shekara ta zagayo. Wata Laraba ya kai hannu ga ƙoƙon, sai ya tsaya, ya janye.

"Baaba, abin nan ya wuce," ya ce. "Ni ma da na ja ka gefe ranar nan. Ka yi haƙuri."

"Ya wuce," na ce. Na dafa kafaɗarsa.

Daga ranar bai sake buɗewa ba. Na ƙara jira wata bakwai.

Sai takarda ta zo cewa za a yi gasar zaɓe a Legas. Wanda ya ci a kowane aji shi za a sa a jirgi ya wakilci ƙasa a waje. Koci ya rubuta sunansa a ajin kilo sittin da biyar. Ya ce a wannan aji, abin da mutumin nan yake ɗagawa a lungun filin wasa ba wanda zai kamo shi. Matsala ɗaya, nauyinsa sittin da bakwai ne, saura mako biyar. Ya bar tuwon dare, ya bar mai, ya koma kunu da ganye. Amma jikin da duk tsoka ne ba shi da abin zubarwa.

Laraba ta farko na riga kowa zuwa rumfa da safe, na buɗe gwangwanin man zafi, na sa noti ɗaya. Ya hau, na matsa dutse, na kira koci ya karanta da idonsa. Sittin da shida da rabi. Suka tafa. Da suka tafi na cire, don manoma. Dubi irin hankalina a lokacin, ina tsoron in tauye manomi.

Laraba ta biyu noti biyu. Ta uku, uku. Ina tsoron hannun nan nasa da ya san nauyin kowane buhu, amma mutum ba ya rungumar kansa ya ɗaga. Ya ce mini yana jin jikinsa sakayau. Na ce ai ga shi a fuskarka.

Laraba ta huɗu, kwana uku kafin tafiya, na zuba huɗun duka. Sittin da huɗu da rabi. Koci ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah da yarensu, ya ce masa yau ka ci abinci, kada yunwa ta cinye maka ƙarfi. Na aika aka damo fura da nono mai kauri, kwano guda, aka sayo balangu. Na zauna ina kallonsa yana ci.

"Baaba, in na hau jirgi me zan kawo maka?"

"Ka dai dawo lafiya."

'Yan layi suka raka su tasha. Har da ni.

Bayan kwana tara koci ya shigo layi shi kaɗai, ya zauna a bencin shugaba, muka kewaye shi. Ya ce da safen gasa aka ɗora mutumin Michika a sikelinsu mai lantarki, ya nuna sittin da shida da rabi har da ɗoriya. Koci ya ce sikelin ya lalace, aka sake, aka kawo wani, duk ɗaya. Aka ba su ɗan lokaci. Ya naɗe shi da leda, ya sa masa riguna uku, ya riƙa tura shi cikin rana yana tofar da yawu a gwangwani. Abin da ya sauka bai kai kilo ɗaya ba. Suka roƙi a mayar da shi aji na sama, aka ce an rufe sunaye. A bakin ƙofa mutumin Michika ya zauna ya kalli wani ya ci ajinsa da nauyin da shi yake ɗagawa sau uku a jere kafin ya karya kumallo.

"Abincin hanya ne," koci ya ce, yana share ido da hularsa. "Laifina ne. Ni na ce ya ci."

Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa: na ji daɗi. Ranar na ci abinci kamar wanda ya tashi daga jinya. Na tuna hannun da ya riƙe mini riga a masallaci, na ce yau an riƙe taka.

Abin da ban lissafa ba, duk da wata goma sha tara da na yi ina shiri, shi ne zai dawo ya sake hawa. In na bar notin, sikelina zai saɓa wa na Legas. In na cire, zai saɓa wa kansa.

Ya zo ranar Laraba da hantsi, shi kaɗai. Bai yi sallama ba. Ya sauko daga keke, ya hau faranti, ya naɗe ƙafafu.

"Auna."

Ƙoƙon ba komai a ciki. Na matsa dutse. Sittin da shida.

"Tun da na dawo ban ci abin kirki ba," ya ce. "Ka ce mini a kwana uku na ƙara kilo biyu, a mako guda na yunwa na rage rabi?"

"Jiki ai ba buhu ba ne."

"Kilo biyu, Alhaji. Ba ɗaya ba, ba uku ba. Na taɓa jin wannan lissafi a layin nan." Ya nuna masallaci da haɓa. "Mu je ka dafa Alƙur'ani."

Ban tashi ba. Na yi ƙarya a kan awo shekara talatin, amma wannan ban iya ba. Ya miƙo tafin hannu, mai kanta kamar ƙasan takalmi. Na buɗe akwati na ɗauko gwangwanin, na zuba masa. Ina jira ya ɗaga murya, layi ya taru, a kore ni daga kasuwa. Har na fara shirya abin da zan ce.

Ya juya su a hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda maƙwabcina ma bai ji ba.

"Ba zan gaya wa kowa ba. In na faɗa, za su hukunta ka, ka ce an gama. Ba a nan za a gama ba. Ranar da aka shimfiɗe ka, liman ya juyo ya ce jama'a a yafe masa, ina sahun gaba. Zan girgiza waɗannan, in ce ban yafe ba."

Ya zura su a waya, ya ɗaure a jikin abin da yake murzawa da hannu in yana tuƙa keke. Duk juyi ɗaya sai su yi ƙara, kacau, kacau. Ya daina dako a layinmu, amma duk Juma'a kafin a tafi masallaci sai ya bi ta gaban rumfata a hankali. Ba ya kallona. Mutane suka ɗauka ado ne. Wani ma ya ce masa ya sayi ƙararrawa mana, ya ce wannan ta fi kai saƙo.

Wanda ya ci ajinsa a Legas ya hau jirgi, ya dawo da lambar tagulla. Mun gan shi a talabijin ɗin koci, an rataya masa, yana kuka. Mutumin Michika yana shagon, a ƙasa, gaban kowa. Da aka gama ya juyo ya dube ni, sau ɗaya.

Ya koma aji na sama, inda ƙarfen ya fi nauyi. Shekara biyu yana bin su, ya kusa, sai wata safiya kafaɗarsa ta dama ta yage a ƙarƙashin ƙarfe. Aka yi ɗori, aka yi asibiti. Hannun ya dawo ya iya tuƙa keke, bai dawo ya iya gasa ba. Bai taɓa ganin cikin jirgi ba. Koci kuwa tsufa ya kama shi, 'ya'yansa suka mayar da shi garinsu. Har ya tafi yana cewa shi ya cuci yaron nan da kwanon fura. Na raka shi mota, na riƙe masa jaka, ban buɗe baki ba. Bara aka aiko cewa ya rasu. Wannan ma yana wuyana, kuma shi ba inda zan same shi.

Ban san ranar da daɗin ya juye ba. Ba rana ɗaya ba ce. Na dai lura tun ranar Alhamis nake fara fargabar Juma'a. Na fara jin kacau ɗin nan a inda babu keke, a cikin sallah, a cikin motar Yola. Sa'o'ina suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace jana'iza in liman ya ce a yafe masa, sai in duba sahun gaba.

Na aika masa shugaban layi da cewa ina neman sulhu, ban faɗi a kan me ba. Ya ce a gaya mini ba ya faɗa da kowa. Na je gidansa a Jambutu da azumi, matarsa ta kawo mini tabarma da ruwan alwala, shi ya ƙi fitowa.

Yanzu shi ne koci a lungun nan na filin wasa. Sun fi ashirin, maza da mata. Wasu shan-inna, wasu bam ya taɓa su a shekarun tashin hankali, akwai sojan da ya baro ƙafarsa a daji. Iyaye da kansu suke kawo 'ya'yansu, tunda sun ga ana zuwa waje ana dawowa da suna. Ɗana ya karɓi rumfa ya sayi sikeli mai lantarki, tsohon ya koma gefe yana tsatsa. Shekara huɗu da suka wuce na sa aka wanke shi, aka shafa mai, na ɗauki hayar mota aka kai shi filin wasa.

Na same shi a kan keke, yana ƙirga wa wata yarinya ɗagawa. Ya bari ta gama.

"Me ka kawo, Alhaji?"

"Sikeli. Ku riƙe."

"Mun karɓa, muna bukata. Sai me?"

"Ka yafe mini."

"Me ka yi?"

"Ka sani."

"Ni na sani. Su ba su sani ba." Ya tafa hannu, duk suka bar ƙarfe suka matso, wasu a keke, wasu da sanda, wasu da jan jiki. "Ga wani dattijo zai ba ku labari."

Na ba su. A tsaye, da hulata a hannu, tun daga bappana har kwanon fura. Ban rage komai ba. Sojan nan ya tofar da yawu kusa da takalmina. Wata ta ce, "Kai Baaba, da furfurarka." Da na gama, ba wanda ya ba ni wurin zama.

"Na ji," ya ce. "Sikeli ya zauna. Kai ma za ka riƙa zuwa duk Laraba kana auna su, tunda ka iya. Yafiya kuwa, ga yadda za a yi." Ya taɓa wayar da ke jikin kekensa. "Ka hana mutum ɗaya hawa jirgi da noti huɗu. Duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya hau, an auna shi a farantinka, zan cire ɗaya in ba ka. In huɗun suka koma hannunka, ka zo mu yi magana."

"Shekaruna saba'in da ɗaya."

"Na sani."

Tun daga lokacin ban fasa Laraba ba sai da ciwo. Kafin kowa ya hau, yakan sa a murɗe murfin ƙoƙon a nuna wa jama'a, sabon zuwa ma ya san dalili. Ina karanta musu abin da sanda ta nuna, ko zai sa su kuka. Na san abincin kowa, na san wanda ke satar cin ƙosai. Ban taɓa son wani abu ya ci gaba a duniya kamar yadda nake son wasan nan ya ci gaba ba, kuma ban ce don Allah ne kaɗai ba.

Shekara biyu da suka wuce yarinyar nan da na samu yana ƙirga wa, 'yar Sangere, wadda bam ya cire wa ƙafar hagu tana tallan gyaɗa, ta ci ajinta a gasar zaɓe. Nauyinta a can ya zo daidai da abin da na karanta, ko lemo ɗaya bai raba ba. Ta hau jirgi. Ba ta ci lamba ba, ta zo ta biyar, amma ta hau. Larabar da ta biyo baya ya kwance wayar a gaban kowa, ya zare ɗaya, ya jefo mini. Ya faɗi ƙasa, na durƙusa na ɗauka. Yana cikin aljihuna yanzu haka.

Saura uku. Akwai biyu da ake sa wa rai, sojan da wani yaro mai dogon hannu, amma gasa ta yi tsanani, kowace jiha yanzu tana da nata, ƙarfen da ake ci da shi jiya ba ya kai mutum ko'ina yau. Watan jiya likita ya saurari ƙirjina ya daɗe, ya ce in daina hawa bene, in daina azumin nafila.

Na gaya masa wannan ranar Laraba, bayan an watse. Na ce ko zai rage mini, ya bar shi a biyu.

Yana ɗaure igiyar silifarsa ta hannu, bai ɗago ba.

"Larabar nan ta huɗu, da ka ga ina murna, ka rage ɗaya?"

"Ban rage ba."

"Huɗu ka sa, huɗu za ka jira. Ka riƙa shan maganinka, Alhaji. Ba na so ka riga su."

Ya hau keke ya murza. Uku ba su kai huɗu ƙara ba, amma na ji su har ya fita ƙofar fili.